Baƙin Mma Zalia daga Barazil

Duk mai bin titin da ya ratsa Zongon Sokode da safe ya san rumfar Mma Zalia, ko da bai san sunanta ba. Rumfar kwano ce mai benci biyu, da babbar tukunya a lulluɓe da tsohon zane don kada abinci ya huce. Wake da shinkafa take sayarwa, irin wanda ake jefa wa karan dafi da ɗan kanwa ya yi ja, a zuba masa garin rogo da taliya da baƙin yaji, mai hali ya ƙara da soyayyen wagashi, wato cuku. Masu zemijan, wato 'yan acaɓa, su ne farkon zuwa, sai 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, sai ma'aikata. Kafin ƙarfe goma ta kife tukunya.

Ba 'yar Sokode ba ce. A Dapaong aka haife ta, can arewa kusa da iyakar Burkina, a gidan wani dillalin shanu. Shekara uku ta yi a lakwal ta bari, ta koma taya uwarta, wadda kowa ke kira Kaka, sayar da abinci a kasuwa. A nan Salifu mahauci ya gan ta, ya zo sayen shanu daga Sokode. Sau uku ya ci abinci a rumfarsu a yini ɗaya, har Kaka ta ce masa in da magana ya faɗa tun cikinsa bai fashe ba. Aka yi aure, aka kawo ta Sokode tana da shekara ashirin da ɗaya. Hausa tana ji, Moba tana ji, amma Tem ko kalma ɗaya ba ta sani ba, ga shi rabin garin da shi ake magana. Har yau tana ba da labarin watanta na farko, yadda take dawowa daga kasuwa da abin da ba ta je saya ba, don kunya ta hana ta cewa ba shi take nufi ba. Ta haifi 'ya'ya biyar, huɗu suka rayu. Autarsu ita ce Anisa.

Shekarar da Anisa ta cika shida, aka gyara gidan da ke jikin katangarsu, aka shafa fenti, aka sa raga a tagogi. Aka ce wani fasto ne zai zo da iyalinsa daga Barazil. Unguwa ba ta san komai game da Barazil ba sai ƙwallo. Da mota ta sauke su kuwa, aka rasa abin da za a kira su. Mijin, Fasto Edson, fari ne dogo mai tabarau, shi kam ya ci sunan anasara. Amma matarsa Marleni ba ta fi Bafulatana haske ba, gashinta a murɗe. 'Ya'yansu biyu, mace 'yar shekara biyar, da namiji da bai daɗe da fara tafiya ba. Faston ya zo ne ya taimaka wa wata ƙaramar coci a bayan gari, kuma likitan haƙori ne, yana aiki a ƙaramin asibitin mishan.

Kwana tara ƙofar gidan tana rufe. Faston kaɗai ake gani yana fita da safe ya dawo da yamma. Zalia tana jiyo kukan yarinyar ta katanga, kuma ta lura kukan ba ya tashi sai lokacin cin abinci. Ta ce wa Salifu za ta shiga ta yi musu sannu da zuwa.

"Wa'azi ya kawo mutanen nan," in ji shi. "Ki bari su fara fitowa mu ga kamun ludayinsu."

Sai ta fasa shiga.

A rana ta goma da safe, tana cikin zuba wa mutane abinci, ta sunkuya ɗaukar kwano sai ta ga 'yar baƙin tsaye jikin tukunya, ba takalmi, da rigar barci, ta ƙura wa shinkafar ido. Zalia ta duba titi ba ta ga babba ba. Ta ce wa masu zemijan su matsa, ta ɗaga yarinyar ta ɗora a benci, ta zuba mata kaɗan ba yaji. Yarinyar ta nuna robar gari da yatsa, ta faɗi wata kalma da ba wanda ya gane. Aka barbaɗa mata. Ta cinye tas, ta miƙo kwanon.

Tana kan kwano na biyu uwar ta ɓullo daga lungu a guje, takalmi ƙafa ɗaya, da ƙaramin a kwankwaso, tana kiran suna. Da ta hango 'yarta tsakanin ƙarti biyu, kumatu cike da wake, sai ta tsaya cak. Ta zauna a bakin kwata, tana kuka tana dariya lokaci guda.

Cikin masu zemijan akwai Djibril, wanda ya yi karatu har koleji, shi ya yi tafinta da Faransanci, duk da Marleni ma Faransancin nata da ƙyar yake tafiya. Ashe tun da suka sauka yarinyar ba ta cin komai sai biskit da ruwa. A ƙasarsu kullum wake da shinkafa ake ci, da soyayyen gari a gefe, abin da yarinyar ta kira farofa. Marleni ta je kasuwa sau ɗaya, hayaniya ta ruɗa ta, ta dawo da wake kawai. Ta ɗora shi awa uku bai nuna ba, gas ya ƙare.

"Ka gaya mata waken nan namu sai da kanwa," in ji Zalia. "Ta shigo da la'asar in nuna mata. Yaya sunan yarinyar?"

"Wai Livia."

Wani daga ƙarshen benci ya ce, "Libiya? Ai wannan sunan ƙasa ne, yayana ma yana can."

Zalia ta sa aka tambayi ranar da aka haife ta. Marleni ta yi tunani ta ce ranar Laraba. Daga nan suna ya bi ta. Ƙanenta Davi kuwa ya zama Dauda, Faston da kansa ya tabbatar daga baya cewa sunan ɗaya ne.

La'asar na yi Marleni ta yi sallama da abin da ta iya, riƙe da kwanon wakenta. Ranar ta koyi kanwa, ta koyi hura gawayi. Washegari ta koyi goyo, don Zalia ta gaji da ganin ta tana aiki da hannu ɗaya. Ta sunkuyar da ita, ta ɗora mata Dauda a baya, ta ɗaure da zanenta na atamfa. Yaron ya yi tsit, can sai barci. Marleni ta yi ta zagaya tsakar gida a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai a ka, tana ɗaga hannayenta biyu tana nuna wa kowa ba komai a cikinsu.

Kasuwa kuwa tare suka riƙa zuwa duk Litinin. Zalia ta kai ta wurin mai tumatir ɗinta, da mai manja, da tsohuwar da ke kawo doya daga Aouda, ta ce musu, "Ƙanwata ce, ku kula da ita." Daga nan Marleni ta fara kiran ta Yaya. Hausarta ta tsakar gida ce da kasuwa, ba ruwanta da mace ko namiji. Sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, Laraba ya zo nan?" Zalia ba ta taɓa gyara mata ba, ta ce rabin Zongo ma haka suke faɗa kuma ba wanda ya ɓata. Ita kuwa Laraba, cikin wata huɗu ta zama kamar a unguwar aka yanke mata cibiya. Tare suke tafiya lakwal da Anisa, tare suke dawowa, a yi musu kitso iri ɗaya, su yi faɗa da safe su shirya kafin azahar.

Wata Juma'a Zalia na suyar ƙosai, Marleni ta shigo ta tsaya kan kaskon tana kallo. Can ta ce kakarta ta wajen uwa abin da ta sayar ke nan duk rayuwarta a bakin titi, a garinsu Salvador, sai dai su da manja suke soyawa, su tsaga shi su zuba busasshen jatan lande da yaji a ciki, suna ce masa akaraje. Zalia ta ce Yarabawan Zongo ma akara suke cewa. Marleni ta karɓi ludayin, ta aika aka ɗauko manjanta, ta soya irin nasu. Salifu ya dawo daga mahauta aka ajiye masa. Ya ci huɗu, ya ce ba laifi.

Shi dai bai saki jiki da wuri ba. Gaisuwa kawai ke haɗa shi da Faston. Wata rana ya ce wa matarsa mutane na magana a majalisa, wai Anisa ta fiye zama gidan 'yan mishan.

"Laraba ma ta fiye zama gidan mahauci," in ji Zalia. "Jiya na same ta bayan Anisa da ɗankwalina tana ruku'u. Uwarta ta gani, ba ta ce komai ba. Ni na san abin da na zuba wa 'yata a zuciya, Baban Anisa."

Maganar addini tsakaninta da Marleni sau ɗaya ta taso sosai. Suna tsince wake ne, Marleni ta tattaro duk Hausar da take da ita ta ba ta labarin Yesu, ta ce don shi suka baro gida da dangi. Zalia ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Annabi Isa mun san shi, muna girmama shi," ta ce. "Ke kin faɗi naki don amana ce a wuyanki, na kuma ji. Ni ma ina da tawa."

"Ina yi miki addu'a kullum, Yaya."

"Ni ma ina yi miki, sau biyar ma. Miƙo mini farantin can."

Suka yi dariya, suka ci gaba da tsintar wake.

A shekararsu ta biyu, cikin damina, aka bugo wa Marleni waya cewa mahaifinta ya rasu. Can ba a jinkirta biso, ko ta tashi a ranar ba za ta tarar ba. Laraba ce ta zo ta faɗa, ta ce Mama ta shiga ɗaki ta rufe, Baba ya ce a yi shiru a bar ta ta huta. Zalia ta ajiye wankin da take yi. A ganinta ba abin da ya kai wannan ban tausayi, a ce mutum ya yi rashin uba yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Ta ɗauki mayafi ta bi gida gida. Kafin la'asar mata sun fi ashirin a ƙofar Fasto, kowace da tabarmarta.

Faston ya fito ya ga taro, ya ruɗe, ya ce da Faransanci matarsa tana bukatar kaɗaici.

"Fasto, a nan ba a yi wa mutuwa haka," in ji Zalia, wata malamar lakwal na fassarawa. "Ba sai ta yi magana ba. Zama kawai za mu yi."

Sai ya matsa daga bakin ƙofa. Suka shimfiɗa tabarmi a falo da tsakar gida. Zalia ta ƙwanƙwasa ɗakin ta ce, "Ni ce." Da aka buɗe, ta kamo hannunta ta zaunar da ita a tsakiya, ta yafa mata mayafi. Mata na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta durƙusa ta ce, "Sannu da haƙuri, Allah ya ba ki dangana." Tsohuwar mai doya ma ta zo tun daga Aouda. Kwana uku ba a hura wuta a gidan ba, abinci daga maƙwabta yake shigowa. Matan cocinsu suka zo a rana ta biyu suka tarar da gida cike, aka matsa musu suka zauna, suka yi waƙoƙinsu a hankali, matan Zongo suna sauraro. A rana ta uku Marleni ta ɗauko hoton mahaifinta a waya ta zagaya da shi. Direban bas ne, mai ƙaton gashin baki. Ta ba da labarin yadda yake rera waƙa da ƙarfi yana tuƙi har fasinjoji su roƙe shi ya yi shiru, falon ya kwashe da dariya, ita ma ta yi.

Salifu ma ya ja maza biyar sun je sun yi wa Faston ta'aziyyar surukinsa. Da Kirsimeti ta matso, Faston ya zo har gida ya roƙe shi ya yanka musu akuya, don yana so duk unguwa ta iya ci. Salifu ya je ya duba akuyar, ya buɗe bakinta, ya girgiza kai.

"Kai da kake likitan haƙori, ba ka duba nata ba? Wannan ai ta girmi Anisa."

Ya sa shi a bayan babur suka koma kara, kasuwar dabbobi, aka canzo ta da ɗan bunsuru mai ƙiba. Tun daga ranar in Faston zai sayi ko kaza ce sai ya biya ta wurin Salifu.

Sun cika shekara uku a Sokode sai shugabannin mishan suka ce su koma Dapaong, can aka fi bukatar likitan haƙori. Marleni ta shigo da labarin jiki a sanyaye. Ta ce sai yanzu ta san gari, ta san mutane, ga shi za ta sake komawa farko, sabon harshe, sabuwar kasuwa, ga zafin da ake faɗa.

"Dapaong?" in ji Zalia. "Gidanmu za ki. Ni zan kai ku da kaina."

Rabonta da gida shekara shida ke nan, tun rasuwar mahaifinta. Kullum tana cewa bayan salla, rumfa da hidimar yara suna hana ta. Wannan karon ta bar wa babbar 'yarta tukunya, ta ɗauki Anisa tun da ana hutun lakwal, suka shiga motar mishan da sassafe. Suka wuce tsagaggen dutsen Alejo, suka ci abinci a Kara. Bayan Kante ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suka ja baya, sai kuka da kaɗanya da gonakin dawa. Zalia ta manne da taga tana nuna wa yara komai. Da suka haye kogin Oti a Mango ta ce a sauke gilashi, wai iskar gida take so ta shaƙa, zafi ya buso ciki kowa ya yi ta fifita, ita kaɗai ke murmushi.

Kaka na zaune gidan babban ɗanta Abdul'aziz, ta haura saba'in, idonta garau, bakinta ma haka. Ta rungume 'yarta, ta ture ta ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe sai da anasara suka ɗauko ki a mota za ki tuna kina da uwa."

Laraba ta matso ta durƙusa har ƙasa, ta gaishe ta tiryan-tiryan, ta tambayi gida da gajiya da jiki. Kaka ta saurara da kai a karkace.

"Wannan 'yar taki ce ko tasu?"

"Tasu ce, Inna. Rainona ce dai."

"Na ji alama. Hausar mutanen kudu ce a bakinta. Ku bar mini ita wata biyu in gyara."

Dauda kuwa tuni ya sulale ya bi zabbin gidan da gudu, suna tashi suna sauka a kan katanga. Faston ya lura tsohuwar na tauna goro da gefe ɗaya, tana dafe kunci. Abdul'aziz ya ce shekara guda ke nan haƙori na damun ta, ta ƙi asibiti. Faston ya durƙusa gabanta ya roƙi ta buɗe baki. Ta ce ita ba ta buɗe wa baƙo baki ranar da ya zo. Ta buɗe a rana ta uku, aka cire haƙorin, ta kwana biyu tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa yaron nan Fasto yana da hannu.

Gidan da aka ba su yana da ɗan nisa, amma ana zuwa da ƙafa. Zalia ta taya su share shi da jera kaya. Ta kai Marleni wurin ƙawayenta na ƙuruciya, waɗanda yanzu duk sun zama iyayen gida, ta koya mata gaisuwar Moba ta safe da ta yamma, ta nuna mata yadda ake jiƙa zane a rataya a taga in rana ta take. Kwana uku ta ce za ta yi, ta yi goma sha biyu. Salifu na bugo waya kullum, wai masu zemijan sun dame shi a mahauta, suna cewa hannun 'yar bai kai na uwar ba.

Ranar da za ta koma, ta biya da safe ta yi musu sallama. Anisa da Laraba suka riƙe juna suna kuka, sai da aka yi musu alkawarin babban hutu. Faston ne kaɗai babba a gidan. Ya ce Marleni ta fita tun da wuri da Dauda a baya, Kaka ta aiko wai yau ranar kasuwa ce, masu kawo wake daga ƙauye ba sa daɗewa, amma Marleni ta ce za ta same su a tasha.

Zalia ta jira a tasha har mota ta cika. Direba ya tayar da inji sai ga Marleni a bayan zemijan, da buhu a gabanta, tana ɗaga hannu. Ta miƙo ƙullin daddawa da ƙwan zabi ta taga, tana haki.

"Yaya, yi haƙuri. Kaka ya tsaya gaisuwa da kowa."

"Haka take. Ki saba."

Motar ta ja. Anisa ta yi barci tun kafin Mango.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Baƙin suna Dapaong, sun ƙara haihuwar mace, Kaka ta sa mata Asabe. Laraba takan zo Sokode duk babban hutu, Anisa kuma ta je can da Kirsimeti. Zalia na zuwa gida sau biyu a shekara, wani lokaci uku, ta sauka wurin uwarta, ta yini wurin Marleni. Gidan da ke jikin katangarsu wani malamin asibiti ne daga Lome ya shiga da amaryarsa, kuma tun ranar da suka sauke kaya Zalia ta aika musu da abinci.